Fiƙar da Ta Ƙi Fitowa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan, Ya ba mu haƙurin abin da Ya ɗora mana. Uwar yara ta fara cin abinci tun shekaranjiya, ƙannen marigayiya sun koma makaranta, ni ma na koma ofis. Sau uku kina tambayata a waya yadda aka yi muka gane gawar takwararki, sau uku ina kauce miki. Bakina ya gaza, saboda haka zan rubuta, kuma ba zan ɓoye kome ba, har da abin da nake jin kunyarsa.

Dole in fara da haƙorinta. Ta kai shekara goma sha huɗu, ta gama famfara, amma fiƙar yarinta ta sama, ta hagu, ta ƙi faɗuwa. Likitar haƙori ta shafa dasashin da yatsa ba ta ji tudun sabuwa ba, sai ta ɗauki hoto ta fuska biyu. Hoton ya nuna babbar fiƙar kwance a karkace cikin ƙashin ganɗa, tana cin saiwar haƙorin da ke kusa da ita. Uwarta ta so a ƙyale, ni na dage. Aka cire ƙaramar, aka ɗaura mata waya don a buɗe wuri, sannan aka tsaga ganɗar, aka kankare ƙashi, aka manna wa fiƙar ɗan maɓalli mai siririyar sarƙar zinare. Ina tsaye aka yi, jini yana gangarowa ta gefen bakinta, ta matse hannuna har farcenta ya shiga namana. Kowane wata ana jan sarƙar kaɗan. Takan ce wai Baba ya rasa wanda zai yi wa tarbiyya sai haƙori, kuma wai ita kaɗai ce a gidanmu mai zinare, amma an ɓoye shi inda ko ɓarawo ba zai leƙa ba.

Ranar da tankar mai ta afka wa motar makarantarsu, ƙarfe bakwai da rabi na safe, wutar ta ci minti arba'in kafin a shawo kanta. Waɗanda suka fita ta taga sun fita. 'Yan mata biyu na kujerar gaba ba su fita ba. A ɗakin ajiye gawa aka yaye mana zane, ni da mahaifin ɗayar, wani makaniki mai furfura da ban taɓa gani ba. Yaya, ba fuska, ba gashi, ba sutura. Gawa ta farko leɓɓanta sun ƙone, haƙoran suna waje, waya na ƙyalli a kansu. Ta biyu kuwa gaban bakinta ya farfashe a jikin ƙarfen kujera, ba abin da ido zai kama.

Na ce ta farkon tawa ce. Makanikin ya ce a'a, 'yarsa ma tana da waya, shi ya kai ta aka sa mata, kuma bokona ba zai sa in ƙwace masa ɗiya yana kallo ba. Ya ɗora hannu a kan gadon da gawar take kai zai tura shi. Kin san ni, tun muna yara ban taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Na ɗauki kujerar ƙarfe da ke gefen ƙofa na rafka masa a ka. Ya faɗi, goshinsa ya tsage, jini ya malale a kan siminti, na durƙusa a ƙirjinsa na ci gaba da naushinsa har sai da ma'aikata uku suka ɓamɓare ni. Ban yi ihu ba. An ce ko numfashina bai canja ba, wannan kuwa shi ya fi tsorata ni.

Likitar haƙorin ta iso bayan azahar da hotunan takwararki a cikin ambulan. Ta sa aka ɗauki hoton muƙamuƙin gawawwakin biyu, ta jera su a jikin fitila, ta kira mu, makanikin da ɗinki tara a goshi. Ta nuna na farko da bakin alƙalami: fiƙoƙi huɗu, kowace a mazauninta. Ta nuna na biyu. Haƙoran gaba babu su, wayar ta tafi da su, amma can cikin ganɗa, inda ƙashi ya kare ta daga wuta, ga fiƙar nan a karkace, da maɓallinta da guntun sarƙarta. Likitar ta ce saura wata huɗu ta leƙo.

Ashe a kan 'yar mutumin na fasa masa kai, tawa kuwa tana kwance a bayana, ban ko sake waiwayarta ba tun da aka yaye zanen. Na juya na tsaya a kanta, na nemi gafararta kafin in nemi tasa. Shi bai ce ya yafe ba, bai kuma kai ƙara ba. Abin da ya ce kawai shi ne rana tana yi, yaran sun gaji da jira. Kafin la'asar muka binne su kusa da juna. A bakin kabarin tawa, shi ya shiga ya karɓe ta daga hannuna, bandejinsa ya jiƙe da jini.

Uwarta ba ta ga kome ba, na gaya mata likita ce ta tabbatar, kuma gaskiya ne. Idan kun yi waya, kada ki tambaye ta fuskar.

Ki gaida maigidanki da babban ɗanki da amaryarsa. Ki gaida autarki, ki ce na ga saƙonta, zan amsa idan na iya. Baffa da Goggo suna gaishe ki. Idan kin yi wa takwararki addu'a, ki haɗa da 'yar makanikin da mahaifinta.

Ƙaninki.