Motar da Muka Sauke Saboda Baba

Magariya, 19 ga Nuwamba, 1976

Zuwa ga yayana Bubakar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, tare da addu'ar Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya a Abijan, kai da Hinda da yara. Mu nan mun gode Allah. An gama girbi, hatsi ya yi daidai gwargwado, waken gonar gabas ma ya fi na bara. Inna tana nan da ƙarfinta. Baba kuwa ƙafar hagun tana nan yadda ka bar ta, yana jan ta da sanda, amma yana cin abinci, yana kuma yi mana faɗa yadda ya saba.

Yaya, resor ɗin da na roƙe ka, wato ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota, sun iso tun ƙarshen damina ta hannun mai goron da ka ba. Ka san dalilin da ya sa na nemi gajeru. Tun da ƙafar Baba ta mutu ba ya iya hawa motar sai mutum biyu sun ɗaga shi, shi kuwa ya ce ba za a riƙa cicciɓarsa kamar buhu a gaban jama'a ba, har ya daina zuwa Juma'a. Da aka sa ƙarafan, motar ta sauka kamar tafin hannu guda. Ranar da ya dafa ƙofa ya zauna da kansa, sai ya gyara hularsa ya ce mu tafi kar a yi huɗuba ba mu. Na so a ce kana wurin.

Amma akwai abin da ya biyo baya, kuma na fi son ka ji shi daga bakina. Makaniken da ya sa mini su ya gaya mini cewa in aka sauke mota ƙafafun gaba sukan karkace, don haka in kai ta Damagaram a daidaita su, shi ba shi da kayan awon. Na ce to. Sai lokacin kasuwanni ya kama, yau Waca gobe Dungas, na yi ta cewa sai mako mai zuwa. Ina jin bolan, wato sitiyari, yana fizgata dama, ina riƙe shi da ƙarfi, har kafaɗata takan yi tsami da yamma. Tayoyin kuwa in ka duba su ta waje lafiya lau suke. Ashe ta ciki suke cinyewa, inda ido ba ya kaiwa sai an durƙusa, ni kuma ban durƙusa ba.

Ranar Lahadi, mako uku ke nan, na ɗauko ƙanwarmu Hasiya daga gidanta a Dungas za ta zo ganin Inna, da jaririyarta da fasinja shida a baya. Ba mu yi rabin hanya ba tayar dama ta fashe. Motar ta kuɓuce mini ta faɗa wata gona, ta yi ta tattake kara, ta tsaya taku uku kafin wani gawo. Babu wanda ya mutu, Allah ya tsare. Jaririyar ko ƙwarzane ba ta yi ba, domin Hasiya ta rungume ta ta tare da hannunta, hannun ne ya karye a wuyansa. An ɗaure shi a gidan likita, yana warkewa. Da na ciro tayar na ga zarenta a fili ta gefen ciki. Kada ka ɗora laifin a kan ƙarafan da ka aiko, ko a kan makaniken. An gaya mini, ni ne ban je ba.

Mijin Hasiya, Mohamman, ya zo washegari ya mayar da ita gida. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi kawai iyalinsa ba za su ƙara shiga wannan mota ba, kuma in ina da hankali in mayar da ita yadda masu ita suka ƙera ta ko in rabu da ita. A tasha ma haka direbobi ke cewa, wai na lalata mota mai lafiya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da Baba ya kira ni ya ce a mayar da tsofaffin ƙarafan, shi ya haƙura, zai riƙa salla a gida. Na ce masa ya ba ni kwana goma.

Na sa tayar ajiya na lallaba ni kaɗai ta Bande har Damagaram, wajen wani dattijon makanike, Malam Kyari. Ya kewaye ƙafafun huɗu da zare, ya auna gaban tayoyin da bayansu da wata sanda mai zane, ya nuna mini yadda bakinsu ya buɗe ya fi kaurin yatsa, samansu kuma ya kwanta ciki. Shi ma shawararsa ta farko ita ce in cire gajerun, domin hanyarmu rairayi ce, ba kwaltar birni ba. Sai na ba shi labarin Baba. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, sannan ya ce to za a yi, amma da sharaɗi. Zai ɗaga ta da yatsa biyu, ba zan ƙara yi mata lodin da na saba ba, kuma ba zan bar garajinsa ba sai na iya awon da hannuna. Kwana biyar na yi a wurinsa. Yakan daidaita sandunan da ke juya ƙafafun, ya sake kwance su da gangan, ya miƙo mini zaren. Sau huɗu ina kuskurewa yana sa ni in sake. A hanyar dawowa na saki bolan a wani miƙaƙƙen wuri, motar ta tafi sak.

Ga abin da na ƙudurta, Yaya, kuma ina neman goyon bayanka tunda da guminka a cikin motar nan. Ba zan mayar da ita sama ba, ba zan kuma sayar ba. Yatsa biyun da aka ƙara bai hana Baba shiga ba, mun gwada jiya. Kowace safiya zan durƙusa in shafa cikin tayoyin kafin in tayar da ita, kowane farkon wata in ja zare. Fasinja takwas na yanke, ko wa ya roƙe ni ba ƙari. Na san abin da za a samu zai ragu, na gaya wa matata Rabi, ta ce ta ji ta gani.

Saura Mohamman. Ina roƙonka kada ka rubuta masa don ka lallashe shi, yana da gaskiyarsa. Jibi zan je Dungas ba fasinja, in ajiye motar a ƙofar gidansa, in ja zaren a gabansa ya gani da idonsa, in kuma nemi gafarar Hasiya yadda ya kamata, don a gidan likita kunya ta hana ni buɗe baki. In ya ce har yanzu iyalinsa ba za su shiga motar ba, in gode masa in juyo. Mako mai zuwa in koma.

Baba da Inna suna sa maka albarka. Rabi tana gaida Hinda, ta ce a shafa mata kan Nafi da Tamu. Ka gaida mutanen garinmu da ke tare da kai. Allah ya tsare ka a baƙon wuri, ya dawo mana da kai lafiya.

Ni ne ƙanenka,
Mala