Jana'izar Alhamis

Greensboro, 9 ga Mayu

Yaya Leïla,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara da mutanen Maradi baki ɗaya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba.

Kin daina ɗaukar wayata, shi ya sa na rubuto. Na ji ana cewa ina bakin teku ina shan iska aka binne ubana. In gaskiya ake so, ba a bakinsa nake ba, a ƙarƙashinsa nake.

Kin san shekara shida ke nan ina nutso da tukunyar iska a bayana. Baba bai taɓa so ba. Kullum cewa yake, ɗan da ya tashi bai san ruwan da ya wuce Gulbin Maradi ba, me ya kai shi teku. Ranar Alhamis ɗin nan ina tsibirin Bonaire. Akwai wani tsohon jirgin kaya da ya nutse can, yana kwance a gefensa, mita talatin ƙasa, murjani ya lulluɓe shi, kifaye na shiga ta tagoginsa. Sau biyu na sauka, wayata tana ɗaki a kashe. Da azahar na kunna, na tarar da kiran matata Hindou goma sha ɗaya. Baba ya cika tun da asuba.

Ga abin da ba ku sani ba. Wanda ya yi nutso mai zurfi ba ya hawa jirgin sama sai ya kwana. In ya hau, iskar da jininsa ya sha sai ta yi kumfa, kamar an buɗe kwalbar lemo. Wani jikinsa ya shanye, wani ya mutu. Na san haka sarai, na kuma sayi tikitin jirgin ƙarfe biyar, don an sa jana'iza bayan sallar Juma'a, kuma shi kaɗai ne zai kai ni kan lokaci.

Ina haɗa kaya saƙo ya shigo: an dawo da jana'izar ranar Alhamis ɗin, bayan la'asar. Tafiyar ba ta da sauran amfani. Na zauna bakin gado, Hindou ta sa wani ya nuna mini ta waya. Sahu biyu ne kacal, don ranar aiki ce. Baba ne fa, wanda kullum addu'arsa jama'ar Juma'a su sallace shi.

Alhaji Boukari ne ke tsara jana'iza a masallacinmu na nan Greensboro, kuma aminin Baba ne. Ban san gaggawar me yake yi ba. Tun da na dawo ban gaishe shi ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Maazou

Greensboro, 2 ga Yuni

Yaya Leïla,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, amsarki ta iso. Na gode, duk da rabinta faɗa ne. Mama tana lafiya, ƙafar ce dai.

Akwai gyara a wasiƙata ta baya. Shekaranjiya na haɗu da Alhaji Boukari a Elm Street, na tsallaka titi don kada in gaishe shi. Da na koma gida na faɗa wa Hindou, ashe Mama tana ji daga kicin. Ta kira ni.

Ita ce ta dawo da jana'izar. Ranar, ta ga Hindou tana kuka fiye da kukan rasuwa, ta matsa mata, Hindou ta gaya mata batun tikitin da abin da jirgin zai iya yi mini. Mama ba ta kira ni ba, don ta ce ta san taurin kaina, irin na Baba ne. Alhaji Boukari ta kira. Ya roƙe ta ta bari sai Juma'a, ya tuna mata burin mijinta, ta ƙi. Shi ya yi ta zirga-zirgar takardu har aka samu kafin la'asar, kuma ta hana shi faɗar dalili. Ta ce miji ta riga ta rasa, ba za ta ƙara da ɗa ba. Daga nan ta tambaye ni ko na ci abinci.

Jiya na je gidan Alhaji na durƙusa. Ya ce ba komai, ya ba ni shayi.

Kunya nake ji, Yaya, ba kaɗan ba. A wasiƙarki kin ce sai kin san wanda ya hana Baba Juma'arsa. Kada ki kira Mama da maganar. Ni ne.

Wassalam.

Ƙanenki,
Maazou