Uda Ba Ɗauka

Abala, watan Azumi

Zuwa ga ƙanwata Habsatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna shan ruwa lafiya. Ki gaishe mini da Inna. Na ba Maidoki direba takardar nan don wayar gidanmu ba ta da sirri, in na kira sai Inna ta buɗe murya duk tsakar gida na ji, ni kuwa ba ni iya tambayar yaron nan a kunnenta. Kin san kunyar ɗan fari. Wata huɗu ke nan tun da cikin nan ya sa anka yaye shi da wuri anka kawo shi Kurfai yana rarrafe. Ya miƙe? Yana cin tuwo? Wallahi kewarsa na hana ni cin abinci, mai gidan har ya zaci laulayi ne. Kada ki karanta wa Inna wannan.

Yayarki,
Mas'uda

Kurfai, ƙarshen Azumi

Yaya Mas'uda,

Muna amsawa, kowa lafiya. Ni dai ba ni na haife shi ba, don haka zan kira sunansa son raina: Kailu, Kailu, Kailu. Ya miƙe tuni! Turmi ya fara dafawa, daga nan ya saki ya bi zakara, ya faɗi ya tashi bai yi kuka ba. Yanzu sai mun rufe ƙofar garka don kada ya fice waje. Baki ma ya buɗe. Inna ce "Inna", ni "Atu", akuya da jaki da Baba duk "mee". Ina nuna masa hoton aurenki in ce ga Mas'uda, shi kuma ya dangwala yatsa ya ce "Uda". Ki zo Salla ki ga abinki, ki bar ramewa a banza.

Taki,
Habsatu

Abala, bayan Salla

Habsatu,

Mun iso lafiya, a gaida Inna. Na ga irin kallon da kinka yi mini ran Salla, gara in faɗa miki. Da yaron ya taho wurina yana tangaɗi da hannuwa sama, saura kaɗan in miƙa masa hannu. Amma ga Inna, ga gwaggonni cike da tabarma, kowa ya zuba ido ya ga ko ni, ɗiyar Inna Tambara, zan yi rashin kunya. Shi ya sa na janye ƙafata na ce ki ɗauke shi. Haka Inna ta yi wa ɗanta na fari, Yaya Magagi, haka anka yi mata. Na ce a raina in anka watse zan rungume shi a ɗaki, sai barci ya kwashe shi, da asuba kuma mota ta tashi. Yaro ne, zai manta. Ko ba zai manta ba?

Mas'uda

Kurfai, farkon damina

Yaya,

Gaisuwa da fatan jiki da sauƙi. An yi shuka, Baba na gaishe ki. Na daɗe ban amsa ba don ban san yadda zan faɗa miki ba. Kailu ya fara haɗa magana biyu-uku. Yana da wani wasa yanzu, yana zagaya gida yana miƙa hannu, wanda ya ɗaga shi sai ya ce "Atu ɗauka", "Baba ɗauka". Shekaranjiya na fito da hoton, ya dube shi, ya maida hannuwansa baya ya ce, "Uda ba ɗauka."

Ba wanda ya koya masa, Yaya. Matan gida sunka yi ta dariya wai yaro ya yi wayo. Inna ba ta yi dariya ba, ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe. Ni ma abin ya tsaya mini a rai. Ki yi haƙuri da na faɗa.

Ƙanwarki,
Habsatu

Abala

Habsatu,

Ina gaisuwa. Ina tafe ran Alhamis, ko da cikin nan ya hana ni zama a mota sai in tsaya. Ki gaya wa Inna ta tara duk wadda take so a tabarma, su yi faɗansu su gama, a gabansu zan durƙusa in miƙa masa hannu. Kada ki turo shi, kada ki ba shi alewa ya kawo mini. Ina son in ga ko zai zo da ƙafarsa.

Sai na iso,
Mas'uda