Maigidana Yana Dafe Ƙirji, Ya Hana Ni Faɗa

Gwaggo Saratu, don Allah ki agaza mini da shawara, hankalina ya ƙi kwanciya. Maigidana lebura ne, yana sauke buhunan siminti a sababbin gine-ginen Tarauni. Tun bayan ƙaramar salla, in ya dawo da la'asar sai ya zauna bakin rijiya dafe da ƙirji, gumi na zuba, ya ce hannunsa na hagu ya yi nauyi. Ranar Talata buta ta suɓuce masa yana alwala, ya durƙushe, na ɗauka shi ke nan. Da na yi maganar asibiti, ya ce ciwon zuciya na alhazai ne masu teɓa da yawo a mota, ba na mai aikin ƙarfi ba. Ni ma da haka na zata, amma mahaifinsa a gona ya faɗi ya rasu, fartanya a hannu. Ga taba, ba ya rabuwa da ita. Wansa Lawan ne ke raba musu aiki, shi ya sa ya ce in na bari Yaya Lawan ya ji, in tattara kayana. Ciki gare ni, Gwaggo. Yanzu ko sallama aka yi sai in zaci mugun labari aka kawo. In faɗa ne, ko in yi shiru?

Mai Zullumi, Gyaɗi-Gyaɗi

'Yata, ki faɗa, kuma yau.

Ban ga laifin tsoronsa ba. Mutumin da ƙarfinsa ne abincin gidansa, ba ya son a ce ya gaza. Amma ya yi kuskure. Na tambayi likita, ya ce ɗaukar kaya mai nauyi wuni guda babu hutu yana iya gajiyar da zuciya, ba ɗaya yake da tafiyar ƙafa a natse ba. Alamun da kika lissafa kuwa ba na jira ba ne.

Kada ki zagaye shi. Ki gaya masa cikin ladabi cewa za ki je wurin Lawan, sannan ki je. Ki roƙi Lawan ya kai shi asibiti da kansa, ya kuma nema masa aiki mara nauyi, ko gadin kayan gini ne. Kafin likita ya gan shi, kada ya sake ɗaga buhu, taba kuma ya ajiye ta.

Zancen tattara kaya, tsoro ne ya sa shi faɗa. Ko ya yi fushin, ana ba mai rai haƙuri. Allah ya ba shi lafiya, ya sauke ki lafiya, ya sa maigidanki ya raɗa wa jaririn suna da bakinsa.

Gwaggo Saratu