Bayan Gida Mai Faɗi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka juriyar zaman nesa. Mu nan kowa kalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Auta kuma ta fara aikin asibiti, har ta soma yi mana iyayi da farar riga.

Yaya, na kai Inna ta ga gidan da ka saya mata. Ka tuna ba ta yarda ta bar tsohon gidanmu ba sai da ka rantse mata akwai fili a baya, inda za ta dasa lemon marigayi Baba. Ka ce dillali ya tabbatar maka ta waya cewa gidan yana da bayan gida mai faɗi. A kan wannan magana ta sallama gidan ga sababbin masu shi, ta ciri ɗan tsiro a gindin bishiyar, tana rainonsa a bokiti kamar jariri. Da bokitin a cinyarta muka tafi.

Unguwar kam ba a magana. Kwalta har ƙofa, fitilu a jere, makaranta da kanti a kusa, ga maigadi a bakin get. Sai dai gidajen duk kamarsu ɗaya, sai da muka yi sallama a ƙofar wani bawan Allah kafin muka gane namu. Ɗakunan kwana uku ne, falo kamar filin ƙwallo, kicin da kabad har sama. Inna ko kallonsu ba ta yi ba, ta ce a kai ta baya.

Dillalin nan, da fara'arsa, ya ratsa da mu ta ɗakin kwananta ya buɗe wata ƙofa. Inna lillahi! Banɗaki ne, Yaya. Bayan gidan da yake nufi ke nan! Faɗi kam akwai shi, ga tayil har rufi, ga bahon wanka da zai ɗauke ni da Auta, ga madubi bango guda. Na fita da gudu na zagaya. Tsakanin bangon gidan da katangar maƙwabci ko akuya sai ta karkace kafin ta wuce, ƙasan kuma an shafe shi da siminti. Na hau dillali da faɗa, shi kuwa ya dafa ƙirji ya ce shi bai yi ƙarya ba, bayan gida aka tambaye shi, kuma duk layin babu mai irinsa. Haushi ya hana ni dariya, don gaskiyarsa ce. Kai ma da laifinka, mutum ya sayi gida da kunne? Ai gani ya kori ji.

Na tambayi maigadi ko za mu ɗaga dutsen da aka shimfiɗa a tsakar gida mu yi rami, ya ce dokar unguwa ta hana haƙa sai da izinin kamfanin da ya gina ta, kuma mai gida kaɗai suke saurara. Don Allah ka neme su cikin gaggawa, ƙarshen wata za mu tashi, saiwar kuma ta riga ta fasa gindin bokitin.

Da na koma ciki na tarar da Inna ta ajiye bokitin cikin bahon wanka, saitin 'yar tagar da rana ke shigowa, tana share ganyen da bakin mayafinta. Ta gargaɗe ni kada in faɗa maka, wai kada ranka ya ɓaci a ƙasar mutane. Na kasa riƙewa ne.

Ka gaida mini matarka da ɗanka Sarkin Ɓarna da 'yan biyu. Kawu da Gwaggo suna gaishe ka. Inna ta ce in faɗa maka gida ya yi kyau, Allah ya yi maka albarka. Lemon kuwa ko ambatonsa ba ta yi ba.

Taka har kullum,
Ƙanwarka