Ƙullin Leda a Aljihun Baba

Mainika, Gwarzo
Litinin, 14 ga Oktoba, 2024, ƙarfe goma na safe, bayan Baba ya tafi gona

Zuwa ga Baffa Hammadu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Furera da mutanen Kabo. Yaya kaka, yaya dabbobi? Allah ya ƙara girma.

Na rubuto ne don wayarka a buɗe kake sa ta, kowa na ji.

Ka san tun da hannun Baba ya taɓa shanyewa likita ya ɗora shi kan ƙaramin asfirin, ɗaya kullum, don kada jini ya daskare a jijiya. Tun dawowata daga jami'a ni ke ajiye masa shi a kan tabarma. Shekaranjiya lauje ya yanke shi wajen yankan harawa, ɗan yanka kaɗan, amma sai da jini ya jiƙa tsumma biyu. Asawakinsa ja nake ganinsa. Jiya da ya ɗago daga sujada sai da ya dafa bango.

Abin ya fi ƙarfin ƙwaya ɗaya a ganina. Ina zargin yana haɗawa da wani maganin ciwon gwiwa. Irin su ibufurofen da dikulofenak, in sun haɗu da asfirin, suna iya cin ciki har ya zubar da jini. Kuma gwiwar da ta hana shi zuwa kasuwar shanu ta yi shiru kwatsam.

Abin da nake bukatar sani shi ne ko bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta. Ni 'yar fari ce, Baffa. Mutumin da bai taɓa kiran sunana ba, in na shigo zaure ya miƙe, ta ina zan fara? Inna ma kawar da kai ta yi. Kai ƙaninsa ne, in ka zo ranar Juma'a ka tambaye shi. In haka ne asibiti za mu nan take. Kada a ce ya daina asfirin ɗin sai likita ya faɗa.

'Yarka,
Zulaihat

Asibiti, Gwarzo
Asabar, 19 ga Oktoba, bayan la'asar

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kun wuni lafiya.

Jiya ba ka zo ba, kai da ko ruwa ake ba ka fashin zuwa wurin Baba ranar Juma'a. Yau da safe Baba ya yi amai baƙi ya faɗi a garke. Likita ya ce cikinsa ne ke zubar da jini, ya dakatar da asfirin da kansa. Ana ƙara masa jini, ya buɗe ido.

Da na ninke rigarsa na sami haɗi a aljihu, ƙwayoyi kala uku a leda, babu kwali babu suna. Bakin ledar an yi masa zarge irin na igiyar maraƙi. A danginmu mutum ɗaya na sani yana ɗaure leda haka, shi ne mai kawo wa Baba goro duk Juma'a.

Ban ce da gangan ba ne. Na san ganin yayanka yana ɗingishi ne ba ka iya jurewa. Ban faɗa wa kowa ba, amma likita na jira, kuma ga abin da har yanzu ban sani ba:

Sunan ƙwayoyin, da wanda ya haɗa su.

Tun yaushe Baba yake sha, kuma sau nawa a rana.

Ko akwai saura a ɗakinsa.

Ko kai ma kana sha, tunda na san taka gwiwar, kuma na taɓa ganin ƙaramin asfirin a jakarka.

Ko kunya ce ta hana ka zuwa jiya, ko kai ma kwance kake.

Ka aiko da amsa ta hannun direban da ya kawo maka wannan takarda. In ba ka aiko ba, gobe ina Kabo.

Allah ya ba mu lafiya. 'Yarka,
Zulaihat