Ƙadangarun Kubrus

Assalamu alaikum Alhaji,

Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ba ni da wanda zan ba wa labarin nan ya gane sai kai.

Bayan na fita takaba, Auta ya ga na daina cin abinci, na daina fita ko kasuwar Dira ta nan Riyad. Sai ya karɓi hutu a ofis ya kwashe mu, da matarsa da jikarka Nabila, zuwa wani tsibiri wai shi Kubrus. Na ɗauka teku za mu kalla. Ashe dutse za mu hau kallon ƙadangaru.

Alhaji, ƙadangare! Ni da abaya da silifas ina haki, mai yi mana jagora yana raɗa kada mu firgita su, Turawa sun durƙusa suna ta ɗaukar hoto. Da na leƙa, wani ɗan ramamme ne, ko jan kai ba shi da shi. Wannan a katangarmu ta Funtuwa wa zai kalle shi? Nabila ba ta ma san sunansa da Hausa ba, da Larabci take kiransa. Na koya mata, ta wuni tana cewa kadankare.

Muna saukowa wani siririn maciji ya gitta. Ɗanka, wanda tun daga Riyad yake cika baki cewa shi zai tsare mu, ya haye wani dutse ya bar uwarsa a ƙasa. Da ya sauko ya ce wai sabis yake nema.

Wa ka tuna? Duk ranar da tsaka ta fito a gidanmu na unguwar Nasim, kujera kake hawa ka ce mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, kake dubawa. Ka ɗauka ban gane ba? Tun muna amare na gane. Shiru na yi, na riƙa korar ta da tsintsiya kana sama kana gyaran abin da bai lalace ba.

Na yi dariya a kan dutsen nan har na zauna a ƙasa, ta farko tun rasuwarka. Na juya in gaya maka, sai na ga Baturiya da kyamara. Ta miƙo mini ruwa, ta ɗauka gajiya ce ta sa ni hawaye.

Mun dawo lafiya, ina cin abinci yanzu. Allah ya haskaka kabarinka, ya hana duk wani mai jan ciki kusantar ka.

Matarka,
Hajiya Rabi